Dajin Da Na Dasa A Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na tare hamada. Ni kaɗai na tare ta, ba gayya ba gwamnati, ina zaune a kan kujerar roba a ɗakin malamai na wata makarantar sakandare a Gashua, da kwamfuta mai tsage a gefen gilashi da kofin shayin da ƙuda ya riga ni ɗanɗanawa. Masana sun yi shekara da shekaru suna taro a manyan otal a kan yadda rairayi ke cinye ƙasarmu ta arewa. Ni kuwa cikin mako uku na gano cewa an ci nasara tun tuni, labari ne kawai bai iso ba. Nasarar tawa ta yi wata biyu da 'yan kwanaki a duniya. Abin da ya biyo bayanta shi ne dalilin da ya sa har yau, in na je garin surukaina, nake zagayawa ta bayan masallaci.

Ni malamin labarin ƙasa ne, haifaffen Nguru, jikan 'yan kasuwar da suka taso daga Haɗeja da awon hatsi suka zauna kusa da tashar jirgin ƙasa. Duk gidanmu ni kaɗai ne ban iya ciniki ba, shi ya sa aka sallama ni ga boko. Na daɗe ina koya wa yara inda manyan kogunan duniya suke tasowa da inda suke zubawa, ina zana su a allo ido rufe, alhali ban taɓa shiga kwale-kwale ba. Da na ga furfura ta fara leƙowa sai na koma neman digiri na biyu, na zaɓi in binciki yadda daji ya canza tsakanin Nguru da Gashua cikin shekara ashirin, ta hanyar hotunan tauraron ɗan Adam.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in bayyana shi yadda nake yi wa 'yan aji biyar. Akwai taurarin ɗan Adam da ke kewaya duniya suna ɗaukar hoton ƙasa, yau da gobe, ba gajiya ba yajin aiki. Hoton ba irin na ɗaurin aure ba ne da za ka gane hancin kowa. Ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo ya kai faɗin fulotin gida mai yalwa, kuma iyakar saninsa shi ne irin hasken da ƙasa ta mayar masa. Aikinka shi ne ka zaunar da kwamfuta ka koya mata karatu. Ka zagaye wani wuri ka ce mata, "Wannan ruwa ne." Ka zagaye wasu ka ce, "Wannan rairayi, wannan gona, wannan gari, wannan daji." Daga nan sai ta bi hoton kaf, ɗigo bayan ɗigo, tana zaunar da kowa a ajinsa. Ka yi haka da tsohon hoto, ka yi da sabo, ka ɗora wannan a kan wancan, ka ga inda daji ya ragu da inda ya ƙaru. Kwamfuta irin ɗalibar nan ce da kowane malami yake roƙon Allah ya ba shi: ba ta musu, ba ta barci a aji, ba ta tambaya. (Daga baya ne na gane cewa ɗalibin da ba ya tambaya shi ya fi kowa haɗari a aji.)

Mai duba aikina wata Dakta ce, siririya mai sanyin murya, wadda jan bironta ya fi bulala zafi. Abu ɗaya take maimaita mini duk zuwa: "Malam, duk inda kwamfuta ta ce maka daji ne, ka je ka tsaya a wurin da ƙafarka. Ka taɓa itacen. In da hali ka ji ƙayarsa." Ni kuma in ce, "In sha Allahu, Dakta," irin wanda ake faɗa wa mai tallar magani a cikin mota.

Don a ganina na riga na toshe ƙofar kuskure. Na san tarkon da sababbin shiga suke faɗawa: su ɗauko hoton rani su gwada da na damina, su fito suna shelar duniya ta yi kore, alhali gero ne da ciyawa. Ni ba yaro ba ne. Hotunana biyu duk na tsakiyar bazara na zaɓa, lokacin da ko akuya ta daina sa rai. Na kuma kafa hujja har na ja mata layi a ƙasa: a ƙasarmu, duk abin da ya rage kore shar a tsakiyar bazara, to saiwarsa ta yi nisa, wato itace ne. Jimlar nan ta burge ni ƙwarai. Sau biyu na karanta wa abokan aikina ita, har da malamin lissafi da bai nema ba.

Yawancin taswirar ta fito yadda kowa ya sani. Wajen Jajimaji daji ya koma gonaki. Gefen hanyar Nguru an sare gabaruwa an yi gawayi. Ja ko'ina, ja kuwa shi ne launin hasara. Amma can wajen Dagona, bayan wani ƙaramin ƙauye, sai ga wani kore mai duhu a shimfiɗe kamar sabuwar darduma. A tsohon hoto wurin fili ne da siririn ruwa ya ratsa. A sabon hoto kurmi ne guda, ya ninka garin kansa ban san sau nawa ba. Na duba sunan ƙauyen sau uku. Garin Baba ne, mahaifin matata Adama.

Sai an san Baba za a gane abin da ya shiga kaina. Bafulatani ne da ya bar yawo ya zauna, da 'yan shanunsa da gonar shinkafa, dogo siriri, magana a wurinsa kamar cire haƙori. Shekara tara ina auren 'yarsa, ban taɓa jin ya yi jimla uku a jere ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Bai taɓa nuna mini komai ba sai mutunci. Amma a raina na daɗe ina zargin cewa ya so 'yarsa ta auri mai garke, sai Allah ya haɗa ta da mai alli. To ga ranar alli ta zo.

"Adama, zo ki ga garinku daga sama."

Ta fito da ludayi a hannu, ta leƙa. "Wannan koren fa?"

"Daji ne. Kurmi guda."

"A garinmu? Malam, makon jiya fa Inna ta aiko a saya mata buhun gawayi a nan Gashua. Mai kurmi a bayan ɗaki ne zai aiko birni neman gawayi?"

"Kin ga hujja ke nan. Sun daina sara, shi ya sa ya yi kauri. Wannan shi ake kira wayewar kai."

"Ni dai abin da na sani a bayan garinmu..."

"Abin da kika sani a ƙasa kika gan shi," na ce. "Wannan daga sama ne."

Ta dube ni, ta dubi ludayin, kamar mai auna wanda ya fi amfani a gidan, ta koma kicin.

Kada a ce ban bi umarnin Dakta ba. Na je. Wata Asabar na ɗaure goro da sukari a bayan babur na nufi ƙauyen da littafina da biro. Sai dai wanda ya je garin surukansa ba mai bincike ba ne, suruki ne. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, Baba ya zauna a can gefe yana kallon bango, ni na durƙusa a nan gefe ina kallon babban yatsana.

"Baba, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya shanu?"

"Da godiya."

"Ya jama'a? Ya zafi?"

"Lokacinsa ne."

Sai na tattaro ƙarfin hali na saƙa binciken a cikin gaisuwar. "Ya kuma bayan gari, Baba? Na ji an ce ya yi kore."

Ya ci gaba da kallon bango. "Ya yi kore," ya ce.

"Sosai?"

"Sosai. Alhamdu lillahi ala kulli halin."

Duk mai kunne ya san ba a faɗar wannan ranar suna. Magana ce ta wanda saniya ta mutu masa, ko rumbu ya ƙone. Amma ni ba da kunne na je ba, da biro na je. Na rubuta a littafina: "An tabbatar daga bakin dattijon gari." Na so in leƙa wurin, Allah ya sani. To amma sai na nemi izinin Baba, shi kuma ba zai bar baƙo ya tafi shi kaɗai ba, zai tashi cikin rana ya raka ni, mu jera kafaɗa da kafaɗa ni da surukina, mu ce me? Ina cikin wannan lissafi aka kawo kindirmo, Baba ya fita don in samu sararin sha, na sha, aka yi la'asar, na yi sallama. Daga zauren zuwa bakin kurmina bai kai nisan ajina zuwa ƙofar makaranta ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ni da Dakta kaɗai za mu san shi. Sai wata ƙungiya mai aikin kare muhalli ta zo makarantarmu dashen itatuwa, shugabarta wata Hajiya da ba ta daɗe da zuwa yankinmu ba. Ta ga taswirata manne a bango, ta tsaya. Ta ce suna da takardu biyu a hannu. Ta farko ta garuruwan da ƙasarsu ta lalace, waɗanda za a kai wa aiki, a buɗe musu hanyoyin ruwa da suka toshe. Ta biyu ta garuruwan da suka kula da dajinsu, waɗanda za a ba takardar yabo. Gari ba ya shiga duka biyun.

Na ɗora yatsa a kan koren. Ta duba takardunta ta ce, "Amma Malam, sunan garin nan yana cikin masu neman agaji. Na tarar da shi a ciki."

"Hajiya, wa kika taɓa ji ya ce ba ya neman agaji? Tauraro ba shi da ɗan'uwa a garin nan, ba ya kuma cin goron kowa. Ni kuma na je da kaina."

Da bakina na faɗa, da hannuna na rubuta mata takarda na sa hannu. Ta soke sunan garin daga layin aiki ta mayar da shi layin yabo. Na koma gida ina jin na cire surukina daga sahun masu roƙo na sa shi a sahun gwaraza. Ban gaya wa Adama ba, wai ina so abin ya zo musu ba zato.

Su kuwa mutanen gari abin da aka aika musu shi ne baƙi za su zo a kan maganar bayan gari. Suka ɗauka kukansu ne ya kai inda ake ji. Aka yanka rago. Aka kafa rumfa, aka ɗauko kujeru da lasifika tun daga Gashua. Ni kuma na sa sabuwar shaddata ruwan sararin samaniya, ɗinkin Nguru, babbar riga da 'yar ciki da wando, na kafa hular zanna, na sa aka buga taswirorin biyu manya-manya aka rataya su a jikin rumfa.

"Jama'ar wannan gari mai albarka," na ce da aka ba ni lasifika, "duniya ta gan ku daga sama! A lokacin da maƙwabtanku suke sare itace suna gayyato hamada, ku kun yi shiru kun raini kurmi. Ga shi nan." Na buga tsinke a kan koren. "Shekara ashirin da suka wuce nan fili ne fetal. Yau ko rana sai ta nemi izini kafin ta shiga."

Ba wanda ya tafa. Wani tsoho ya karkata ya ce wa na kusa da shi wani abu da Badanci, yaren yankin, na kusan ya rufe baki da hannun riga. Na ɗauka tawali'u ne irin na mutanen karkara, har na ƙara minti goma a kan muhimmancin saiwa. Hajiya ta miƙa takardar yabo cikin gilashi, bulama, wato mai garin, ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya miƙa wa Baba a matsayinsa na surukin mai abin. Baba ya ɗora ta a cinya yana kallon ƙasa.

Sai Sarkin Ruwa, shugaban masuntan garin, wani gajeren tsoho mai haƙori ɗaya a gaba da murya kamar ta mai shela, ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, mun gode da allo. To injin fa, yaushe zai iso?"

"Wane inji, Sarkin Ruwa?" Hajiya ta tambaya.

"Na buɗe mana hanyar ruwa. Ba shi ya kawo ku ba?"

"Ai ku kun fi ƙarfin agaji," in ji Hajiya da fara'arta. "An mayar da ku layin yabo. Malam ne ya nuna mana irin ƙoƙarinku."

Duk rumfar ta juyo ta dube ni. Allah ya yafe mini, murmushi na yi, har da ɗan sunkuyar da kai irin na mai karɓar godiya.

"Yanzu sai mu je mu ɗauki hoto a cikin dajin," Hajiya ta ce. "A samu inuwa mai kyau."

"Inuwa," in ji Sarkin Ruwa, yana jujjuya kalmar a baki. "To, bismilla. Malam, ka dai iya ruwa ko?"

Ban gane tambayar ba sai da muka fita bayan gari, jama'a na biye, na ga an janyo kwale-kwale. Na ce me za a yi da shi? Sarkin Ruwa ya ce, "Dajin naka ba a shigarsa da takalmi." Muka shiga mu huɗu: ni a gaba riƙe da wayata mai nuna inda mutum yake tsaye, Hajiya a tsakiya, Baba a bayanta da sandarsa ta kiwo, Sarkin Ruwa a ƙarshe yana tura mu da gora.

A gabanmu kuwa ga kore, ba ƙarya. Katanga ce guda ta kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa mai kai kamar zangarniyar gero, ta fi tsayin mutum da hannunsa a miƙe, ta tafi iyakar ganin ido. Ba wai ban san kacalla ba. Ina ganinta ta tagar mota duk zuwana Nguru. Amma a kaina sunanta ciyawa, ciyawa kuwa na riga na yanke mata hukuncin mutuwa a bazara, har na ja layi a ƙasa. Ban taɓa tunanin cewa wadda ƙafarta ke cikin ruwa shekara zagaye ba ta san da zaman bazara ba.

"Wannan ai gefe ne," na ce, murya ta ɗan siranta. "Itatuwan suna ciki."

"Suna ciki, Malam," in ji Sarkin Ruwa. "Kunyar baƙi suke ji."

Muka kutsa ta wata 'yar hanya da masunta suka sare. Ganye na marin fuskata, sauro na yi mini barka da zuwa ta cikin shadda. Hajiya ta daina fara'a. Waya ta ce saura kaɗan mu kai tsakiyar kurmi, inda ya fi ko'ina duhu a taswira. Sai kwale-kwale ya cije, gora ta kasa.

"Iyakarmu ke nan," in ji Sarkin Ruwa.

"Saura taku goma sha biyu kawai," na ce. A gaban jirgin ga wani wuri a kwance, busassun karare sun shimfiɗu kamar tabarma. Na ce a raina wannan ai tudu ne, bayansa kuma dole akwai ko da gabaruwa ɗaya da zan dafa in fita kunya. Na ji Baba ya yi gyaran murya a bayana. A shekara tara wannan ne gargaɗi mafi tsawo da ya taɓa yi mini, ban kuwa saurara ba. Na tattare babbar riga na taka.

Ban faɗi ba, kada a yi mini ƙarya. Nutsewa na yi a tsaye, a hankali, cikin natsuwa, kamar ana sauke guga a rijiya. Gwiwa, ƙugu, ƙirji. Babbar rigar ta baje a kan ruwa ta kewaye ni kamar lema. Ihun da na yi ya tayar da tsuntsayen jan-baki, dubbansu, suka tashi lokaci guda suka rufe rana (inuwar da Hajiya ta nema ke nan, ita kaɗai aka samu). Hular zanna ta kama hanyarta. Hannuna ɗaya yana sama riƙe da waya, ita kuwa ta yi 'yar ƙararta mai daɗi, ta sanar da ni cewa na iso.

Daga bakin ruwa ana jiyo dariyar gari guda, don Sarkin Ruwa yana ba su labari da ƙarfi: "Ya shiga dajin! Yana duba saiwa!"

Sai ga kan sanda a gaban hancina. Na ɗaga kai, karo na farko a rayuwata na kalli ƙwayar idon Baba.

"Riƙe, Malam."

Na riƙe. Ya ja, Sarkin Ruwa ya kama wuyan riga, laka ta sake ni da wata irin ƙara da ba zan rubuta ba. Takalmana dai ta riƙe su, suna can har yau. Aka kwantar da ni a cikin jirgi kamar tarwaɗa, Sarkin Ruwa yana ɓanɓare mini matsattsaku daga ƙwauri yana yi musu sannu da aiki.

"Inda ka tsaya ɗin nan," in ji Baba, "tsakiyar gonata ce. Shinkafar da aka dafa ranar bikinku a nan aka yanke ta."

Daga nan ya juya ga Hajiya ya yi maganar da ban san yana da ita ba. Ya ce hanyar ruwa ce ta toshe, ruwan da ke zuwa ya tafi ya daina tafiya, ya kwanta a kan gonaki rani da damina. Kacalla ta bi shi. Ta ci gonarsa, ta ci ta ƙaninsa, ta rufe mashayar shanu har sai an zagaya da su tafiyar rabin yini. Abin da aka shuka a tudu kuma jan-bakin da ke kwana cikinta su cinye. Sarkin Ruwa ya ƙara da cewa taru ba ya shiga, kifi yana ciki yana yi musu gwalo. Sun yi shekaru suna kai kuka kafin a rubuta sunansu a takardar nan.

Hajiya ta dube ni ina ɗigar da baƙar laka. "Malam, ka ce mini ka zo da kanka."

"Na zo, Hajiya." Na juya wajen Baba, kaina a ƙasa. "Baba, rannan da na zo, da kun faɗa mini..."

"Gaisuwa ka yi, Malam," ya ce. "Ba tambaya ka yi ba."

Hajiya ta ce a makon nan za a rufe takardun, kuma ba za ta iya mayar da sunan da ta soke da hujjar masani ba sai masanin ya janye hujjarsa da bakinsa da hannunsa. Don haka aka kai ni gidan Baba, aka ba ni ruwa a bokiti, aka ba ni kayansa. Na ce muku dogo ne siriri. Ni gajere ne, kuma albashi bai hana ni tumbi ba. Haka na koma rumfa, wando a naɗe sau uku, riga ta ƙi rufe ciki, ƙafa ba takalmi, na karɓi lasifikar da na yi wa hamada barazana da ita ɗazu.

Na ce, "Jama'a, wannan koren ba daji ba ne. Kacalla ce. Ni na yi kuskure."

"Na baya ba su ji ba!" in ji Sarkin Ruwa.

Na maimaita.

"Mata fa? Suna can bayan zana!"

Na sake maimaitawa. A karo na uku ne, ina nuna taswira da tsinke, abin ya faɗo mini: tauraron bai yi ƙarya ba ko kaɗan. Ya ga abin da ya gani, ni ne na raɗa masa suna. Duk ɗigon kore a sabon hoto gona ce ko mashaya da ruwa ya kwanta a kai. Na ce wa Hajiya ta dubi faɗinsa, ta kuma duba ko akwai garin da ya kai wannan hasara a duk takardarta. Ta daɗe tana kallo. Ta ciro biro, ta mayar da sunan garin layin aiki, a can sama. A nan ne aka tafa, kuma na san ba ni ake tafa wa ba. Aka ci rago. Ni ban ci ba, don Baba yana wurin.

A gida Adama ta dubi wandon mahaifinta a jikina, ta ce, "Daga sama ka faɗo?"

Dakta kuwa da na kai mata labari, tambaya ɗaya ta yi: "Ka taɓa itacen?" Na ce na taɓa, har wuya. Ta sa na buɗe wa kacalla aji nata na kanta, na koya wa kwamfuta bambance koren da ke tsaye a kan ƙasa da wanda ke tsaye a cikin ruwa, na kuma bi wurare ɗaya bayan ɗaya, wasu a babur, wasu a jirgin Sarkin Ruwa, wanda har yau yake kirana Sarkin Daji a tsakiyar kasuwar Gashua. Digirin ya ƙara shekara guda. Da rani ya zagayo aka zo aka buɗe hanyar ruwan, Baba ya samu wani yanki na gonarsa. Bayan girbi sai ga buhun shinkafa a ƙofar gidana, ba saƙo ba takarda. Na tambayi Adama me ya ce, ta ce ai ga shi nan ya faɗa.

Takardar yabon tana nan rataye a zauren Baba. Na nemi a ba ni ita ta bakin Adama, aka ce baƙi suna son ganinta.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu in na gama gaisuwa nakan yi tambaya, in mai ludayi ta fara magana nakan bari ta kai aya, kuma duk jimlar da ta burge ni har na ja mata layi, ita nake fara tuhuma. Don cika umarnin Dakta, na sa Sarkin Ruwa ya zagaya da ni kurmina kaf, lungu da saƙo, na ƙirga itatuwan da ke ciki da hannuna. Uku ne. Goriba biyu, da turken da yake ɗaure kwale-kwale.